Kafin Ka Ce A Kulle Maka Ɗa

Cikin shekarun da na yi ina riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami a nan Zango, babu kukan da ya fi yawaita a zaurensa kamar na uba a kan ɗa. Kwanan baya wani bawan Allah ya shigo, idanunsa sun kaɗa. Yaronsa ɗan shekara 15 ya bar makaranta, ya kama shan taramol, har ya saci babur ɗin kawunsa ya sayar. Buƙatarsa ɗaya ce: a raka shi komisariya a kulle yaron wata biyu ko ya yi hankali.

Na tausaya masa, amma ban goyi bayansa ba. MACO, babban gidan kason Wagadugu, yana da ɓangaren yara, sai dai wanda ya shiga da satar babur yana iya fitowa da abokan da suka fi shi sanin hanya.

Akwai ƙofar da yawancinmu ba mu sani ba. Dokar 13 ga Mayun 2014 ta tanadi kariya ga yaron da ya saɓa wa doka da wanda tarbiyyarsa ke cikin haɗari. Iyaye da kansu suna iya kai kukansu ga alƙalin yara tun kafin a kama ɗansu, kuma ma'aikatan Aksiyon Sosiyal su ne masu binciken halin gida su ba shi rahoto. Alƙali yana iya barin yaro a hannun iyayensa ƙarƙashin sa ido, ko ya damƙa shi ga wani dangi, ko ya tura shi cibiyar tarbiyya. A garin Laye akwai irinta, inda yaran da suka yi laifi ke koyon sana'a. Kan ƙananan laifuffuka kuwa doka ta yarda da sulhu, abin da iyayenmu suka iya tun a Zangwetin, kafin rusau na ZACA ya warwatsa zumunci a 2003.

Wani zai ce kai ɗa gaban hukuma tonon asiri ne. Ina girmama kunya, amma asirin da aka rufe yau yakan tonu gobe a bayan motar 'yan sanda, maƙwabta na kallo.

Sai takardar haihuwa. Doka ba ta hukunta wanda bai kai 13 ba, wanda bai kai 18 ba kuma yaro ne a wurinta. Yaro mai girman jiki da ba shi da takarda, da me zai tabbatar da ƙuruciyarsa? Wanda ɗansa ba shi da ita ya nemi hukuncin da ke maye gurbinta tun ana zaune lafiya.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zaure a buɗe yake bayan la'asar, za mu rubuta muku takardar koke, mu raka wanda Faransanci ke yi wa nauyi. Allah Ya shirya mana zuri'a.