Yawan ɓari: a auna jini kafin a zargi mata

A garuruwanmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, idan mace ta yi ɓari sau uku a jere, abin da ake fara cewa shi ne iska ta taɓa ta, ko kishiya ta yi mata sammu. Wata a kai ta wurin boka, wata kuma a ba ta takardar saki. Ba kasafai ake tunanin cewa matsalar tana cikin jininta ba.

Akwai wata cuta da likita Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983, wadda ake kira cutar Hughes. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, sai jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi. Gudan jinin kan toshe jijiyar ƙafa ta kumbura da zafi, ko ya tafi huhu, ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki ga matashi. Ga mai ciki kuwa, mabiyiya yake lalatawa, ɗan tayi ya rasa abin da zai rayu da shi. Wani bincike a Ingila ya gano alamarta a jinin kusan 15 cikin 100 na matan da ke yawan ɓari.

Gano ta na buƙatar haƙuri. Ƙa'idar da likitoci suka fitar a 2006 ta ce sai an ga alamar a gwaji biyu, da tazarar akalla mako 12, domin wasu cututtuka kan tayar da ita na ɗan lokaci. Haka kuma cutar kan sa gwajin tunjere da ake yi wajen awon ciki ya nuna akwai, alhali babu. Aure kan mutu a kan irin wannan sakamako na ƙarya.

Abin takaicin shi ne akwai magani. Asfirin kaɗan da allurar hefarin a ƙarƙashin kulawar likita kan sa mafi yawan waɗannan mata su haihu lafiya. Amma kada kowa ya saya da kansa, domin wasu magungunan tsinka jini, irin su warfarin, suna cutar da ɗan tayi.

A 2006 Nijar ta mayar da awon ciki kyauta, kuma mun yaba. Yanzu muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta samar da wannan gwaji a manyan asibitocin jihohi, ta kuma koya wa ungozomomi su tura duk macen da ta yi ɓari uku a jere, ko ɗa ya mutu a cikinta bayan mako 10. Mazaje kuma, kuɗin da za a kai wa boka a biya na gwaji da su. Kafin a ɗora wa mace laifi, a fara auna jininta.