Hadari Ya Taso, Ina Ɗanmu Yake?

Ran 2 ga Yuli, 1505, wani ɗalibin Jami'ar Erfurt ta ƙasar Jamus yana komawa makaranta daga ganin gida, sai hadari ya rutsa da shi a fili kusa da ƙauyen Stotternheim. Aradu ta faɗi dab da shi. Sunan ɗalibin Martin Luther. Ubangiji ya tsare ransa, amma bai manta da tsoron ranar nan ba.

Mun tuna da labarin nan saboda 'ya'yanmu da ke jami'a. Wanda ya san Samaru ta Zariya ya san tafiyar da ke tsakanin ɗakin kwana da ajin karatu. A farkon damina kuwa hadarin gabas ba ya sallama. Mu iyaye mukan gargaɗe su kan miyagun abokai, mu manta da wannan.

Ga abin da za mu koya musu. In sun ga walƙiya, su ƙirga har su ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 nisan kilomita 1 ke nan. Amma duk wanda kunnensa ya ji tsawa, aradu tana iya kai masa. Sai ya shiga gini sosai ko mota a rufe, ya dakata har minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Gindin itace ba mafaka ba ne, haka ma rumfar mai shayi. A bar filin ƙwallo nan take, ko da saura minti 5 a tashi. A nisanci bakin ruwa irin madatsar Kubanni.

A cikin ɗaki ma sai da lura. Kada a yi wanka da ruwan famfo, kada a riƙe waya tana caji, gama wutar aradu takan bi ƙarfe da wayar lantarki. A matsa daga taga, domin kwanon da iska ta yaye yana yanka kamar wuƙa. Bayan an ɗauke ruwa, wayar lantarki da ta faɗi ƙasa, a ɗauka tana da wuta.

Waɗansu suna cewa ɓarawo kaɗai aradu take faɗa wa. Wannan camfi ne, yana kuwa sa mutane su guje wa wanda ta buge. Babu sauran wuta a jikinsa. A taɓa shi, in ba ya numfashi a yi ta danna ƙirjinsa, a aika asibitin makaranta da gaggawa.

Saurayi yakan ji kunyar gudu a gaban 'yammata, wani kuma ya ce bangaskiyarsa ta isa. Mu buɗe musu Misalai 22:3 da Matta 4:7, su ga neman mafaka hikima ce, gwada Allah kuwa zunubi.

A watan nan, in mun kira su muna tambayar jarrabawa da kuɗin abinci, mu ƙara da wannan. Sa'an nan mu durƙusa mu danƙa su ga Yesu, wanda iska da teku suka yi masa biyayya.