A Bar wa Gwaza Lungun Bayan Gida

A yawancin gidajen da ma'aikata suke ginawa a Kaduna, Zariya ko Abuja, akwai wani lungu da aka rasa yadda za a yi da shi. Yana bayan gida, tsakanin katanga da tankin ruwa, ko ƙarƙashin mangwaro, inda indararo yake zuba da damina, rana kuma ba ta leƙawa sai na ɗan lokaci. Ciyawar ado da aka saya da tsada takan ruɓe a wurin. Daga ƙarshe maigida ya kira birkila ya malala siminti. Wannan gaggawa ce, domin akwai shukar da irin wannan wuri ne gidanta, kuma ba baƙuwa ba ce: gwaza, wanda wasu ke kira makani.

Mafi yawan abin da ake shukawa yana neman rana tsantsa da ƙasa mai tsane ruwa. Gwaza ya saɓa. Faɗin ganyensa shi ke ba shi damar kama ɗan hasken da ya ratso inuwa, shi ya sa manoman Gana da kudancin Najeriya suke dasa shi a ƙarƙashin itatuwan koko. Ba a sake sayen iri, domin uwar takan fitar da 'ya'ya a gefenta. A tone bayan wata takwas zuwa goma, a ci wasu, a mayar da wasu.

Abin da ya hana shi shiga gidajen 'yan boko raini ne kawai. An san shi dafaffe a tire a tasha, ana barbaɗa masa yaji, sai aka ɗauke shi abincin wanda bai sami doya ba. Amma a Ingila da Amurka, wannan ganye da Bahaushe ke wucewa a fadama bai waiwaya ba, sayensa ake yi don ado, ana kiransa kunnen giwa, a tone shi a ɓoye a ɗaki kafin sanyin hunturu ya kashe shi. A nan kuwa babu wannan wahala, ga kuma fate a ƙarshen shekara. Hausawan zangon Kumasi ma sun san ganyen ɗan'uwansa a miyar kontomire.

Masu adawa suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ƙaiƙayi: ɗanyen gwaza, saiwa da ganye, yana ɗauke da ƙananan tsinkaye na sinadarin kalsiyam okzalet masu sukar baki da maƙogwaro. Dafuwa sosai ce maganinsa, sai dai gidan da yara ke rarrafe yana bukatar ɗan shinge. Ta biyu sauro. Gwaza danshi yake so, ba lallai sai kududdufi ba. Idan aka cuɗa ƙasar da taki har ruwa ya riƙa nutsewa, sauro bai sami wurin ƙyanƙyasa ba. Ruwan rariyar banɗaki kuwa kada ya kusanci abin da za a ci.

Akwai dalilin da ya fi ado nauyi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman gwaza, amma a 2009 wata cuta mai ƙone ganye ta bayyana a gonakinta, a 2010 aka gan ta a Gana da Kamaru. 'Yar gida ɗaya ce da cutar da ta lalata dankalin Ayalan a 1845. A tsibirin Samowa, inda kusan iri ɗaya kowa ke nomawa, ta durƙusar da noman baki ɗaya a 1993. Shukar da ake yaɗawa ta hanyar saiwa ba ta da rumbu. Irin da aka daina dasawa ya tafi ke nan. Kowane lungu da ya riƙe irin da aka samo daga ƙauye, ajiya ce.

Sai dai danshin da gwaza ke so shi cutar ma take so. Don haka a bar taku guda tsakanin shuka da shuka, a zuba ruwa a gindi, a kuma yanke duk ganyen da ya yi tabo mai ruwan ƙasa a fitar da shi daga gidan. Inuwa ma idan ta yi duhu, ganye zai yi faɗi, saiwa ta tsumbure. Sassabe reshe ɗaya ko biyu na mangwaron ya isa.