Kwikwiyo a Tsakar Gidan Haya

A Nima da Mamobi, haka ma a Aboabo ta Kumasi, kare ya daina zama baƙo a zangonninmu. Samari na sayo kwikwiyo, wani jinsin Jamus, wani na Afirka ta Kudu, su ce na gadi ne. Dattawa kuwa da sun ji kukansa sai su ɗaure fuska, a hau gardamar halal da haram. A ganina gardamar ta ɗauke mana hankali daga abin da ya fi ta gaggawa: a ina dabbar nan za ta yi kashi da fitsari, a gidan da ɗaki goma ke tarayya a tsakar gida ɗaya?

Batun halasci malamai sun daɗe da yi mana bayaninsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ajiye kare a gida sai don gona ko kiwo ko farauta. Amma masu sharhinta sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuhume shi ya amsa cewa da Imamu Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne, babu ja. Ke nan inda fiƙihu ya tsananta, nan ne masu kwikwiyo suka fi sakaci.

Tsakar gidan haya wurin alwala ce, wurin shanyar tabarma, wurin da jariri ke rarrafe. Kashin kwikwiyo yakan ɗauki ƙwan tsutsar ciki, wanda ke daɗewa cikin ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Wanda ya saki kwikwiyonsa yana yi inda ya ga dama ya ɗora wa matan gidan aikin da ba su ɗauka ba, domin su ne masu shara da asuba.

Abin takaici, horon da yawancinmu suka sani shi ne duka, ko a cusa hancin dabbar cikin abin da ta yi. Kwikwiyo ba ya haɗa dukan yanzu da laifin ɗazu. Abin da yake koya kawai shi ne tsoron mai shi, sai ya koma yi a ɓoye, bayan randa ko ƙarƙashin gado. Mafarautan ƙasar Hausa, da ke koya wa karnuka bin sawu da amsa kira, sun san dabba da maimaici take ganewa.

Horon na lokaci ne. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko kusa da haka, sai ya girma riƙon ke ƙaruwa. Yana buƙatar fita da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa. A zaɓa masa kusurwa ɗaya nesa da famfo da madafa, a kai shi can kullum, a tsaya har ya yi, a shafa shi ko a ba shi ɗan ƙamas a take. In ya yi a wani wuri, a wanke sosai har wari ya fita, don wari ne ke kiransa ya sake. A kwashe kashin a ranar, kada a tura shi kwata ya bi ƙofar maƙwabta. Maganin tsutsa da allurar haukan kare, wadda ake yi yana ɗan wata uku, wurin likitan dabbobi ake samu.

Wannan aikin makonni ne, wani lokaci watanni, har da tashin tsakar dare. Saurayin da ke fita kasuwa da asuba ya dawo bayan isha'i ba zai iya shi kaɗai ba. Kafin ya biya kuɗin kwikwiyo, ya fara zama da mai gida da sauran 'yan haya, a amince da kusurwar, a kuma san wanda zai riƙa fitar da shi da rana.