Canji Amana Ce: Tunatarwa Ga 'Yan Kasuwarmu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, dattawan Kazaure, Roni da Gwiwa ba su manta da zamanin sule da sisi da taro ba. Sule ɗaya kwabo 12 ne, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Wanda ya zauna ya lissafa zai samu hanyoyi 9 na canza sule da waɗannan ukun: ko sisi biyu, ko taro huɗu, ko sisi da taro biyu, har zuwa kwabbai 12 zalla. Hanyoyin sun bambanta, adadin kuwa ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. A 1973 aka kawo naira da kwabo, a 2007 aka sake buga kwabbai har da na naira 2, amma hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa. Duk da haka, naira 50 tana canzuwa ta hanyoyi 12 da takardun naira 20, 10 da 5.

To, ina hujjar mai tireda ko kwandasta da bakinsa ya saba da "babu canji"? Wani ya tura maka alewar da ba ka nema ba, wani ya ce ka dawo anjima, alhali yana fatan ka manta. Naira 20 ɗin da ya raina haƙƙin wani ce, kuma sau da yawa na marayan da aka aiko ne ko na tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Suratul Muɗaffifina ta yi narko mai tsanani ga masu tauye mudu, kuma tauye canji ɗan'uwansa ne.

Mafi muni shi ne sayar da canji: a karɓi naira 1,000 a ba da 900. Wannan riba ce tsantsa. Hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim ya shar'anta daidaito da hannu-da-hannu wajen musayar zinariya da zinariya, malamai kuma suka yi ƙiyasin kuɗin takarda a kansa. Mun ga yadda wannan musiba ta bazu lokacin ƙarancin kuɗi a 2023. Amma ɗan canjin Babura da ke musayar naira da sefa, jinsi biyu ne, don haka fifiko ya halatta matuƙar an karɓa a majalisi guda.

Saboda haka, ɗan kasuwa ya tanadi ƙananan kuɗi tun safe. In ya rasa, ya nemi yardar mai saye a fili, ko ya rubuta bashin. Limamai su tsawatar a kan mumbari.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, amin.