Ƙurar Samaniya: Me Ake Nema A Cikinta?

Daga Wakilinmu

A ranar 14 ga watan Oktoba, 2024, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, watau NASA, ta harba kumbon Europa Clipper zuwa duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupiter. Ana sa ran isarsa a shekarar 2030, kuma aikin ya ci kimanin dala miliyan 5,000. Daga cikin na'urorin da ya ɗauka akwai wata wadda aikinta kawai shi ne tarar ƙura. Mai karatu na iya tambaya, shin ƙura ta kai a yi mata wannan ɗawainiya?

Dalili na farko shi ne tsaron dukiya. Ƙwayar ƙurar samaniya galibi ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma gudunta shi ne abin tsoro. A watan Maris na 1986, kumbon Giotto na ƙasashen Turai ya ratsa kusa da tauraro mai wutsiya Halley da gudun kilomita 68 a cikin daƙiƙa guda. Ƙwaya ɗaya ta buge shi ya shiga tangaɗi, aka yi kimanin rabin sa'a kafin saƙonninsa su daidaita, ƙurar kuma ta lalata kyamararsa. Haka nan a watan Mayu na 2022 wata ƙwayar ta yi wa madubin hangen nesa na James Webb tabon da ba ya gyaruwa.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Idan ƙwaya ta faɗa wa farantin ƙarfen da ke cikin na'urar, ƙarfin bugun yakan tarwatsa ta ta zama tururi mai ɗauke da lantarki. Sa'an nan sai lantarki ya ja ɓurɓushin zuwa ma'auni, marasa nauyi su riga masu nauyi isa. Kamar dai shiƙar hatsi ne, inda nauyi ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Da wannan tsere ake gane sinadaran da ke cikin ƙwayar, ba tare da kumbon ya sauka ko'ina ba.

Ta wannan hanya ce kumbon Cassini, wanda ya kewaya duniyar Zuhalu daga 2004 zuwa 2017, ya gano gishiri a cikin ƙanƙarar da wani ƙaramin wata mai suna Enceladus ke fesowa, alamar cewa akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa. A 2023, shekara shida bayan kumbon ya ƙone, masana suka bayyana cewa sun sami sinadarin fosforas a cikin bayanan da ya aiko, sinadarin da babu mai rai a duniyarmu da ke rayuwa ba tare da shi ba.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara. Samun gishiri da fosforas bai nuna akwai halitta a can ba. Abin da ya nuna shi ne akwai kayan haɗi. Tara itace da tukunya ba shi ne tuwo ba. A ganinmu, masu yayata cewa an kusa gano rai a wata duniya sun yi gaggawa.

Abin da za a zuba wa ido yanzu shi ne watan Europa, wanda ake kyautata zaton shi ma yana da teku a ɓoye. An tsara kumbon zai wuce ta gefensa kusan sau 50, wani lokaci tazarar kilomita 25 kacal, yana kamfatar ƙurar da ke tashi daga doronsa.