Malamin da ya tuhumi aikinsa mafi kyau

A shekarar 1095 babu malamin da ake ji da shi a Bagadaza kamar Abu Hamid Algazali, alhali bai cika shekara 40 ba. Tun 1091 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi a kujerar makarantar Nizamiyya. Ɗalibai kusan 300 ke zama a gabansa, manyan fada kuma suna girmama shi. Ana cikin haka, wata rana ya zauna zai ba da karatu, harshe ya ƙi motsi. Abinci ma ya daina karɓarsa. Likitoci suka yi bakin ƙoƙarinsu, suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso, maganinsu ba zai kai can ba.

Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. Ya bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya ga koyarwa ce ta fi kowanne kyau. Da ya tona niyyar da ke ƙarƙashinta, sai ya tarar da son girma da son a san shi. Kusan wata shida yana kai-kawo: da asuba ya ƙudurta barin garin, kafin magariba son kujera ya warware ƙudurin.

Gazali bai kama kansa da giya ko cin dukiyar maraya ba. Irin wannan laifi kowa ya san sunansa, tubarsa ma a fili take. Abin da ya tuhuma shi ne aikin da duk Bagadaza ke sa masa albarka a kai, kuma nan ne binciken kai ke da wuya, don babu mai taya mutum. Wa zai tari malamin da masallaci ke cika dominsa ya ce masa ya duba niyyarsa? Wa zai faɗa wa Alhajin da ke raba hatsi da azumi, mai ɗaukar hoto na biye da shi? Makusanta sun fi kowa yin shiru, tunda da yawansu a inuwar suke ci.

Wa'azinmu na yau, musamman wanda ke yawo a Facebook da TikTok, ya ƙware wajen gano ɓatan wasu. Raddi kan raddi, kowane ɓangare da jerin laifuffukan ɗaya ɓangaren a hannu. Da wuya a ji mai wa'azin da ya juya tambayar zuwa kansa, ko da sau ɗaya a tafsirin wata guda.

A Ihya'u Ulumiddin, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, Gazali ya ware littafi na 38 cikin 40 ga binciken kai. Misalin ɗan kasuwa ya kawo: da safe ya gindaya wa abokin cinikinsa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da yamma a zauna a ware uwar kuɗi da riba da asara. Kowane mai shago a Kantin Kwari ya san abin da ke samun wanda ya bar yaronsa wata guda ba lissafi.

A ƙarshen 1095 Gazali ya miƙa wa ƙanensa Ahmad kujerarsa ta Nizamiyya, ya rabar da dukiyarsa sai abin da iyali za su ci. Ya ce wa mutane Makka za shi, don kada halifa ya hana shi tafiya, alhali Sham ya nufa. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa yini guda. A kabarin Annabi Ibrahim da ke Khalil ya yi alkawarin daina zuwa fadar sarakuna, da karɓar kuɗinsu, da shiga gasar jayayya ta malamai.

Masu son labarin sukan tsaya a nan, kamar gudun ne darasin. Amma a 1106 ya koma kan aikin da ya tuhuma, ya sake karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur bisa matsin waziri Fakhrul Mulk. Ya bayyana cewa a da ilimin da ke kawo matsayi yake yaɗawa, yanzu kuwa wanda ke raba mutum da son matsayin, kuma duk da haka bai yarda ya ba kansa shaidar ya kai ga abin da yake nufi ba. Daga baya ya koma garinsu Ɗus, ya ci gaba da karantar da almajirai a gefen gidansa har rasuwarsa a 1111.